Aron Da Ba A Sa Wa Rana Ba

Akwai wata 'yar gajeriyar doka a ƙasar Amurka wadda mu ke so masu karatu su san labarinta, gama ko da ya ke a birnin Washinton aka yi ta, hannunta ya kai har ƙasar Nijar. Ainihin maganar da ke cikinta ba ta wuce kalma 60 ba, ɗan aji huɗu ma ya iya kwafe ta a littafinsa kafin a tashi tara. Amma da ita shugabanni huɗu suka yi yaƙi a ƙasashe dabam dabam tun daga 2001, har yanzu kuwa ba a soke ta ba.

Ga asalinta. Ran 11 ga Satumba 2001 mutum 19 na ƙungiyar Alƙa'ida suka ƙwace jiragen sama huɗu na fasinja. Suka kara biyu da dogayen benayen nan na birnin Niyok, ɗaya da hedkwatar soja kusa da Washinton, na huɗun ya faɗi a wani fili cikin jihar Fensilbaniya. Mutane kusan 3,000 suka hallaka. Bayan kwana uku, ran 14 ga wata, tun ana tonon gawawwaki, Majalisar Ƙasa ta zauna ta ba Shugaba George W. Bush izni ya yi amfani da duk ƙarfin da ya wajaba a kan ƙasashe, ko ƙungiyoyi, ko mutanen da shi da kansa ya tabbatar suna da hannu cikin harin, ko sun ba masu harin mafaka. A Majalisar Dattawa mutum 98 suka yarda, ba wanda ya ƙi. A Majalisar Wakilai 420 suka yarda, mace ɗaya ta ƙi, watau Barbara Lee ta jihar Kalifoniya. Ita kuwa ba cewa ta yi kada a rama ba, tsoronta shi ne iznin ba shi da iyaka. Shugaba ya sa hannu ran 18 ga wata.

Ba mu ga laifinsu ba a kan gaggawa. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa ciniki da ɗan garuwa. Abin da mu ke kuka da shi abu uku ne da ba a rubuta cikin takardar ba. Ba a faɗi sunan abokin gaba ba, ba a faɗi ƙasar da za a yi yaƙin ba, ba a kuma sa ranar da iznin zai ƙare ba. Na ukun nan ya fi sauran nauyi. Duk akawun da ya taɓa zama a Baitulmali ya san izni na kashe kuɗi yana mutuwa da ƙarewar shekarar kuɗi. Kadan aikin bai ƙare ba sai mai aikin ya komo ya sake roƙo, a lokacin nan ne kuwa a ke tambayarsa me ya yi da na bara. Ba don ana zaton shi ɓarawo ne aka yi wannan ƙa'ida ba, an yi ta ne don tambayar ta zama tilas, ko mai tambayar yana jin nauyinsa ko ba ya ji. Dokar 2001 ba ta da irin wannan rana, saboda haka ba lokacin da ya zama dole kowa ya komo ya amsa tambaya.

Ya kamata mu koma baya kaɗan don a gane ikon wa aka ara. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 sun fito ne daga hannun Sarkin Ingila, suna kuwa tsoron a bar wa mutum ɗaya yaƙi da sulhu. Sai suka raba abin biyu. Majalisa ke da ikon ƙaddamar da yaƙi, ita ke kuma ba da kuɗinsa, Shugaba kuwa shi ne babban kwamandan soja, shi ke bi da yaƙin in an fara. Rabon ya yi kyau a takarda, amma rabon da Majalisa ta ƙaddamar da yaƙi bisa wannan hanya tun 1942. Shugaba Truman ya shiga yaƙin Koriya a 1950 bai nemi izninta ba. A 1964 aka kawo labarin an kai wa jiragen ruwan Amurka hari a mashigin Tonkin, Majalisa ta yi maza ta ba Shugaba Johnson izni mai faɗi, dattawa biyu kaɗai suka ƙi, da wannan izni kuwa aka zurfafa cikin yaƙin Biyetnam, inda sojan Amurka fiye da 58,000 suka mutu. Da suka ji jiki, a 1973 suka yi doka, ko da ya ke Shugaba Nixon ya ƙi ta, cewa kadan Shugaba ya tura soja fagen fama ya sanar da Majalisa cikin awa 48, kuma in ba ta ba shi izni cikin kwana 60 ba ya janye su. Ashe ke nan 'yan Majalisar 2001 ba su rasa darasi ba. Suna da shi, tsoro da fushi suka rufe shi.

Bush bai tsaya ga abin da aka ba shi ba. Lauyoyinsa suka ce muƙaminsa na babban kwamanda ya ishe shi hujja ko ba doka. A Nuwamba 2001 ya kafa kotunan soja da umurninsa kaɗai. A Janairu 2002 aka buɗe kurkuku a Guwantanamo, wani sansanin sojan ruwa a tsibirin Kyuba, aka zaɓi wurin da gangan don ana zaton hannun alƙalan Amurka bai kai can ba. Mutane kamar 780 suka ratsa ta cikinsa, mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu da wani laifi gaban shari'a ba. A wannan shekara kuma waɗansu lauyoyin Ma'aikatar Shari'a suka rubuta fatawa a asirce wadda ta halatta azabtar da ɗaurarru, har da kwarara wa mutum ruwa a fuska ya ji kamar zai nutse. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu ba mu wanke sarkin ba, amma lalle bafaden da ke riƙe da alƙalami ya taka rawa a nan. Sa'an nan aka shiga sauraron wayar mutane ba da takardar alƙali ba, alhali dokar 1978 ta hana, jama'a ba su sani ba sai da jaridar New York Times ta tona a Disamba 2005.

Kotun Ƙoli ta yi abin da za ta iya. A 2004 ta ce ɗan ƙasa da aka tsare yana da hakkin ya ji dalili ya kuma kare kansa. A 2006 ta rushe kotunan sojan nan don ba su bi doka ba. A 2008, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, ta ce ɗaurarrun Guwantanamo suna da hakkin kai ƙara gaban alƙali. Amma kotu ba ta fita neman ƙara, sai an kawo mata, kuma ba ta yanke hukunci sai bayan shekaru. Majalisa kuwa, maimakon ta tsawata, sai ta riƙa bin Shugaba a baya tana halatta abin da ya riga ya yi. A 2006 ta kafa kotunan sojan da doka, a 2008 ta halatta mafi yawan sauraron wayar.

Zamanin Barack Obama ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin shi ne ya nuna cutar ba ta halin mutum ɗaya ba ce. Malamai su lura, shi ma malami ne, ya yi shekaru yana koyar da tsarin mulki a jami'ar Shikago. A 2007, yana neman zaɓe, ya gaya wa wata jarida cewa Shugaba ba shi da ikon kai hari shi kaɗai sai fa in akwai hatsarin da ke gab da faɗa wa ƙasa. Kwana biyu da hawansa, a Janairu 2009, ya ba da umurni a daina azabtarwa, a kuma rufe Guwantanamo cikin shekara guda. Ba mu da dalilin cewa ba da zuciya ɗaya ya yi ba. To, amma a dubi abin da ya biyo. A 2011 jiragensa suka shiga ruwan bama-bamai a Libiya, yaƙin ya kai wata bakwai. Da kwana 60 suka cika, lauyoyinsa suka ce wannan bai kai a kira shi faɗa irin wanda dokar 1973 ke nufi ba, tun da ba soja a ƙasa, ba kuma mai iya rama musu. Wanda bom ya faɗa wa gida a Libiya da ya ji wannan fassara da ya yi mamaki.

Harin jiragen nan marasa matuƙi, waɗanda a ke sarrafa su daga nesa, ya ninka na zamanin Bush kamar sau goma bisa ƙidayar masu bin diddigin al'amarin, a Pakistan da Yaman da Somaliya. Ran 30 ga Satumba 2011 aka kashe Anwar al-Aulaki a Yaman. Mutumin nan babba ne cikin Alƙa'ida, ba ma musun wannan, amma haifaffen Amurka ne, ba kuwa kotun da ta taɓa yanke masa hukunci. Tun 2010 ubansa ya kai ƙara don a hana, alƙali ya kori ƙarar. Bayan mako biyu wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16, aka ce ba shi aka nufa ba. A Mayu 2013 Obama ya yi jawabi ya ce yana so a rage dokar 2001, daga baya a soke ta. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka sai ga shi ya kafa hujja da ita don yaƙar ƙungiyar Da'ish a Iraƙi da Siriya, ƙungiyar da Alƙa'ida ta riga ta sanar a Fabrairu 2014 cewa ba ruwanta da ita, har suna kashe juna. A 2016 aka shigar da Alshabab ta Somaliya. Hanyar da aka bi ita ce wata magana da lauyoyi suka ƙirƙiro, wai dokar ta haɗa da duk rundunar da ke ƙawance da Alƙa'ida. Maganar nan ba ta cikin kalmomi 60 ɗin.

Don kada a ce ya sake wa kansa linzami, Obama ya rubuta wa ma'aikatansa ƙa'idodi a 2013, cewa a wuraren da ba fagen yaƙi ba kada a kai hari sai an kusa tabbata ba farar hula da zai mutu. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai umurnin Shugaba ce, abin da alƙalami ɗaya ya rubuta kuwa alƙalami ɗaya ke gogewa. Donald Trump ya sassauta ta a 2017, a 2019 kuma ya soke umurnin da ya sa a riƙa bayyana yawan fararen hular da irin wannan hari ya kashe. Joe Biden ya sake ɗaure ta a 2022, Trump ya komo a 2025 ya sake kwancewa. Biden ɗin da ya kwashe soja daga Afganistan a Agusta 2021, cikin watan nan harin jirginsa ya kashe farar hula goma a Kabul, bakwai yara ne, shi ma ya gama shekarunsa huɗu yana aiki da dokar. Guwantanamo kuwa, ranar da ya sauka a Janairu 2025 akwai sauran mutum 15 a ciki. Sarki goma zamani goma, in ji masu magana, amma a nan sarakuna sun sake, takardar ba ta sake ba.

Mun ce hannunta ya kai Nijar. Ran 4 ga Oktoba 2017 mayaƙan wani reshen Da'ish suka yi kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo, wajen iyakar Mali, suka kashe sojan Amurka huɗu tare da sojan Nijar. Sai waɗansu manyan dattawan Majalisa, har da Lindsey Graham wanda ke cikin kwamitin harkar soja, suka fito suka ce su ba su san yawan sojansu da ke Nijar ya kai haka ba. A lokacin akwai kamar 800. Abin kunyar shi ne ba a ɓoye musu ba. Tun Fabrairu 2013 Obama ya rubuta musu cewa ya aika soja kamar 100, takardun sanarwa kuma suna ta zuwa. Akawu ya san irin wannan fayil, wanda a ke sa wa lamba a ajiye ba a buɗe ba. A 2018 gwamnatin Trump ta lissafa Nijar cikin ƙasashe bakwai da aka yi amfani da ƙarfi a cikinsu bisa dokar 2001. Aka gina babban sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas da kuɗi fiye da dala miliyan 100. Da aka zo rufe shi a 2024 kuwa, ba Majalisar Amurka ce ta ce a tashi ba, sojojin da ke mulki a Yamai ne.

A ganinmu babban laifi na Majalisa ne, ya fi na kowane Shugaba. Shugaba mutum ne da aka ɗora wa tsaron ƙasa, ya san kadan aka sake kai hari shi za a kama, saboda haka ba zai mai da makamin da ya tarar a hannunsa ba, ko wace jam'iyya ya fito. Masu aron ne ba su son karɓar kayansu. A Fabrairu 2015 Obama ya aika musu da daftarin sabon izni na yaƙar Da'ish, mai ƙarewa bayan shekara uku. Ba su ko jefa ƙuri'a a kansa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sun ga yadda ƙuri'ar yaƙin Iraƙi ta 2002 ta zame wa waɗansunsu ƙaya, har ta taimaka wajen kayar da Hillary Clinton a gaban Obama a 2008. Wanda bai yi ƙuri'a ba, in yaƙi ya yi kyau ya yi tafi, in ya ɓaci ya zagi Shugaba. Ba kuwa rashin ƙarfi ba ne, gama a Mayu 2009, da su ke so su hana a kawo ɗaurarrun Guwantanamo cikin ƙasa, dattawa 90 suka hana kuɗin, shida kaɗai suka goyi bayan bayarwa, maganar rufewa ta mutu. Inda ƙuri'a ke da farin jini sun san inda ikonsu ya ke.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane mai koyar da sha'anin mulki ya nuna wa ɗalibansa. Ba da izni yana bukatar rinjaye ne kawai, ko na mutum ɗaya. Karɓe shi kuwa sabuwar doka ce, Shugaba yana iya hawa kujerar na-ƙi, sa'an nan sai an sami kashi biyu cikin uku na kowace Majalisa kafin a rinjaye shi. Haka aka yi a 2019, da Majalisun biyu suka ce a janye hannu daga yaƙin Yaman, Trump ya ƙi. Haka aka sake a 2020 a kan Iran, bayan ya sa an kashe Janar Ƙasim Sulaimani a Bagadaza, inda lauyoyinsa suka haɗa da tsohuwar dokar yaƙin Iraƙi ta 2002 cikin hujjojinsu, alhali Saddam Husaini da aka yi ta dominsa ya mutu tun 2006. Ranar ƙarewa ita ke juya wannan lissafi. In an sa rana, mai son iznin ya ci gaba shi ke neman rinjaye, mai son ya mutu kuwa ba abin da zai yi sai ya jira.

Ba zato mu ke yi ba, an gwada an gani. Dokar da a ke kira Patriot, wadda aka yi ran 26 ga Oktoba 2001 cikin irin wannan gaggawa, an sa wa waɗansu sassanta rana. Da sashe na 215 gwamnati ta riƙa tara lissafin wayar mutanen ƙasa, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, har Edward Snowden ya fallasa a Yuni 2013. Da ranar ta zo a 2015 tilas aka zauna, aka hana gwamnati tara lissafin gaba ɗaya a hannunta. Da ta sake zagayowa a Maris 2020 Majalisun biyu suka kasa daidaitawa, sashen ya mutu don kansa. Amma a lura da hannun wanda ranar ta ke. Dokar ta-ɓacin da Bush ya kafa ran 14 ga Satumba 2001 ita ma tana mutuwa kowace shekara, sai dai Shugaba ne ke sabunta ta da sa hannunsa, saboda haka Bush da Obama da Trump da Biden duk sun sabunta.

Masu kare wannan hali suna da magana, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce ɗan ta'adda ba ya sa kaki, ba ya zama ƙasa ɗaya, yau wannan suna gobe wancan, kadan aka ce sai mutum 535 sun yi muhawara kafin a motsa, to, zai tsere. Sun ce da wannan izni aka kashe Usama bin Ladan a Mayu 2011, kuma ba a sake kai hari mai girman na 2001 a cikin Amurka ba. Mun yarda Shugaba yana bukatar ikon kare ƙasa nan take, ba wanda ya hana shi wannan. Amma abin da aka yi shekara fiye da 20 ana yi ba a kiransa nan take. Kadan yaƙin Somaliya ya cancanta, a kawo shi gaban wakilan jama'a bayan kowace shekara biyu ko uku, a faɗi sunan ƙungiyar da sunan ƙasar, kowa ya ɗaga hannu a gan shi.

Ɓarnar ma ta wuce dokar kanta, gama ta koya wa shugabanni cewa kalmar ta'addanci mabuɗi ce mai buɗe kowace ƙofa. A Fabrairu 2025 gwamnatin Trump ta sa waɗansu ƙungiyoyin fataucin miyagun ƙwayoyi na ƙasashen waje cikin jerin 'yan ta'adda. A Maris ya tono wata dokar 1798 ta zamanin yaƙi don korar mutanen Benezuwela da a ke zargi da zama 'yan wata ƙungiya. Daga Satumba sojansa suka shiga nutsar da ƙananan jiragen ruwa a tekun Karibiyan, suna kashe na ciki, an ce masu ɗaukar ƙwaya ne. A nan ko neman izni ba a yi ba, sai aka koma ga hujjar nan ta lauyoyin Bush, cewa muƙamin babban kwamanda ya isa. Ran 25 ga Disamba 2025 kuma, da umurnin Shugaban, aka harba makamai a kan waɗanda aka ce mayaƙan Da'ish ne cikin jihar Sakkwato, Gwamnatin Nijeriya ta ce da saninta aka yi.

An taɓa kusantar gyara sau ɗaya. A Yuni 2017 Barbara Lee ta kawo shawara gaban kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Wakilai, cewa a soke dokar 2001 bayan kwana 240, don a sami lokacin rubuta wata mai iyaka. 'Yan jam'iyyun biyu suka yarda, har aka yi tafi a ɗakin. Ba a yi wata guda ba shugabannin Majalisar suka cire shawarar daga daftarin, ba ta ko kai gaban sauran wakilai ba. Ita ta bar Majalisa a Janairu 2025, mafi yawan waɗanda suka yi ƙuri'ar 2001 su ma sun riga sun bari, cikin sojan da a ke turawa bisa wannan izni kuwa akwai waɗanda ba a haife su ba ranar da aka sa masa hannu.